Kota ko Cancanta: Wa Ke Cinye Rabon Ɗan Talaka?

Gabatarwa

Akwai wata kalma wadda duk ɗalibin da ya baro Arewa ya zo neman ilmi a jami'o'in Kudancin ƙasar nan ya san ɗacinta, ita ce "ɗan kota". Ba kasafai ake faɗarta da ƙarfi ba. Da gefen baki ake furta ta, a ɗakin kwana, ko a kantin cin abinci, ko kuwa ranar da aka kafe sakamakon jarrabawa a allo. Idan ɗanmu ya faɗi, sai a kaɗa kai a ce ai da ma kota ce ta kawo shi. Idan kuwa ya ci, har ya tsere wa sa'o'insa, to shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa.

Mu da muke koyo da koyar da Hausa nesa da ƙasar Hausa mun sha wannan gori har ya zame mana jiki. Mun kuma sha komawa gida hutu mu tarar da wata maganar da ta fi gorin ciwo, inda manyanmu ke bugun ƙirji suna cewa duk wanda ya taɓa tsarin kota to ya tsone wa Arewa ido. Mun daɗe muna sauraren ɓangarorin nan biyu, kuma iyakar abin da muka gano shi ne an bar jaki ana dukan taiki. Da masu cewa a soke, da masu cewa kada a taɓa, babu wanda ya tsaya ya tambayi wane ne ke cin moriyar tsarin a yau, wane ne kuma aka yi shi dominsa tun farko.

Matsayinmu a wannan maƙala a fili yake. Tsarin kota yana da tushe na gaskiya a tarihi, kuma ba mu goyon bayan a watsar da shi haka kawai. Amma a yadda ake gudanar da shi, takardar shaidar asali yake yi wa hidima, ya bar yaron da aka tauye yana tsaye a rana. Saboda haka ya gaza kawo daidaito, ya kuma zubar da darajar himma da ƙwazo. Mun san wannan magana ba za ta yi wa wasu na gida daɗi ba, amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Yadda Ake Rabon

Kafin a yi gardama a kan abu, ya kamata a san kamanninsa. A shekarar 1978 aka kafa Hukumar JAMB domin ta riƙa shirya jarrabawa guda ga duk mai neman shiga jami'a. A jami'o'in Gwamnatin Tarayya, ana kasa guraben karatu gida uku. Kashi 45 cikin 100 na waɗanda suka fi kowa maki ne, ko daga ina suka fito. Kashi 35 na 'yan jihohin da aka keɓe wa jami'ar ne a matsayin yankinta. Sauran kashi 20 kuwa na 'yan jihohin da aka ce suna baya a ilmin zamani ne. Waɗannan jihohi su 23 ne: dukkan jihohin Arewa 19, sai Bayelsa da Kuros Riba da Ebonyi da Ribas. A da rabon 40 ne da 30 da 20, sai kashi 10 da aka bar wa hukumar jami'a ta ba wanda ta ga dama, kafin a soke wannan kaso na ƙarshe. Ruhin tsarin ya yi daidai da manufar raba-daidai wadda ta shiga Tsarin Mulki na 1979, aka kafa mata hukuma ta musamman a 1996, kuma Tsarin Mulki na 1999 ya ci gaba da ita.

Abubuwa biyu muke so mai karatu ya lura da su a nan. Na farko, kason yanki, wato kashi 35, shi ma kota ne, kuma ya kusa ninka na jihohin da ke baya. Ke nan, mai yiwuwa ne abokin karatunmu da ke yi mana gori a Ibadan ko Legas ko Nsukka shi ma ta ƙofar kota ya shigo, sai dai tasa ƙofar ba a sa mata sunan kunya ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na biyu, ƙasar da jihohinta 23 cikin 36 ke ɗauke da lambar koma-baya, to matsalarta ta wuce ta wani yanki ko wata ƙabila.

Ga Masu Kiran Cancanta Zalla

Hujjar masu neman a soke kota ita ce a bar maki ya yi hukunci, wanda ya fi ƙoƙari ya shiga. Magana ce mai daɗin ji, kuma ba mu raina ta ba. Sai dai duk wanda ya taɓa zuwa filin sukuwa ya san ba a sakin wani doki da asuba, a saki wani da hantsi, sannan a ce wanda ya riga isa shi ne ingarma.

Bari mu duba lokacin da aka saki kowane doki. An buɗe makarantar sakandare ta farko a Legas, ta 'yan mishan na CMS, a 1859. A Arewa kuwa, sai a 1909 Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa ta Nasarawa a Kano, Kwalejin Katsina kuma sai a 1921 ta samu, shekara 62 bayan ta Legas. Turawan mulkin mallaka sun yi wa sarakuna alkawarin ba za su taɓa addini ba, saboda haka suka taƙaita shigar 'yan mishan masarautun Musulmi. Wannan ya kare mana abin da muke ƙauna, amma gwamnatin ba ta gina makarantun da za su cike gurbin ba, 'yan kaɗan ɗin da ta gina kuma 'ya'yan sarakuna da na masu muƙami aka fi nufa da su. Mu ma ba za mu wanke kanmu ba, domin iyaye da yawa sun riƙa ɓoye 'ya'yansu a rumbu idan an zo ɗaukar yara boko. A 1955 Gwamnatin Jihar Yamma ƙarƙashin Cif Obafemi Awolowo ta fara ba da ilmin firamare kyauta. Zuwa 1957, makarantun sakandare 18 ne a duk faɗin Arewa, alhali Kudu na da 176. Jami'ar farko ta buɗe a Ibadan a 1948, ta Ahmadu Bello a Zariya sai a 1962.

Wannan tazara ba ta ƙarancin basira ba ce. Ƙasar da ta yi ɗaruruwan shekaru tana karatun allo da na zaure, tana rubutu da Larabci da ajami, ƙasar da Nana Asma'u ta tsara karantar da matan karkara tun ƙarni na 19, ba a yi mata gorin ƙwaƙwalwa. Abin da aka makara a kansa shi ne irin ilmin da jarrabawar JAMB ke aunawa.

Sannan shi makin kansa, me yake aunawa? Tun daga 2015 aka mayar da jarrabawar gaba ɗaya ta kwamfuta. Akwai yaron da ya tashi da kwamfuta a ɗakin kwanansa, an ɗaukar masa malamin lesin, an saya masa tambayoyin shekarun baya. Akwai kuma wanda ranar jarrabawa ce rana ta farko da ya ɗora yatsa a kan na'urar, bayan ya kwana a tasha domin cibiyar na da nisa da ƙauyensu. Idan na farko ya ci 260 cikin 400, na biyu ya ci 210, wa zai rantse cewa na farkon ne ya fi himma? Sau da yawa makin nan nauyin aljihun uba yake aunawa tare da ƙwazon ɗa, ya haɗa su ya ba da lamba ɗaya. Kada kuma a manta da abin da ya faru a 2025, lokacin da shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito bainar jama'a cikin hawaye ya amsa cewa tangarɗar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas biyar, aka sake yi musu jarrabawa. Mun yaba masa da ya faɗi gaskiya. Amma darasin shi ne, lambar da ake so mu ɗauka kamar hukuncin da ba ya kuskure, aikin ɗan Adam ce.

Ga Masu Kwanciya a Inuwar Kota

Yanzu kuma bari mu juyo gida, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. An yi kota ne a matsayin sandar dogarawa ga mai jinya, kafin ƙafarsa ta yi ƙwari. Yau fiye da shekara 45 da kafa JAMB, kuma har yanzu dukkan jihohin Arewa 19 suna cikin jerin na baya. Majinyacin da ya shekara arba'in da sanda bai warke ba, to sai a binciki mai maganinsa.

Kowa ya tuna abin kunyar 2013, sa'ad da aka fitar da mafi ƙarancin makin shiga makarantun sakandaren haɗin kai na Tarayya. An nemi ɗan Anambra ya kawo 139 cikin 200, aka nemi yaro namiji daga Yobe ya kawo 2. Jaridun Kudu sun yi ta yayata wannan lamba, kuma ba su yi ƙarya ba. Mu tambayarmu ga shugabanninmu ita ce, wa ya ji kunya har ya ajiye aiki? A 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 gwaji da tambayoyin aji huɗu, 21,780 suka gaza kai makin da aka gindaya. Ko mutum ya yarda da yadda aka yi gwajin ko bai yarda ba, ya isa a gane irin tubalin da ake ɗora ginin a kai. Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya daɗe yana faɗin cewa yara kimanin miliyan 10.5 ba su zuwa makaranta a Nijeriya, kuma mafi yawansu namu ne. An kafa dokar ilmin bai-ɗaya a 2004, aka tanadi kuɗin da Gwamnatin Tarayya za ta ba kowace jiha idan ta kawo nata kason, amma sau nawa muka ji biliyoyin naira na jibge ba a ɗauka ba saboda jihohi sun ƙi cika sharaɗi? Ga kuma bala'in satar ɗalibai: Chibok a 2014, Dapchi a 2018, Ƙanƙara a 2020, Jangebe a 2021, Kuriga a 2024. Kowane hari yakan jawo rufe makarantu, wasu yaran kuma, musamman mata, daga nan karatu ya ƙare ke nan.

A cikin wannan hali ne za ka ga ana rige-rigen gina gadar sama da filin jirgi, ana buɗe sabuwar jami'a da kiɗa da algaita, alhali a bayan gari yara ɗari na zaune a ƙasa gaban malami ɗaya wanda ya yi watanni bai ga albashi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da aka bari ya gama aji shida bai iya karanta wasiƙa da Hausa ba, babu ragin makin da zai mayar da shi injiniya. Masu hannu a wannan sakaci su ne suka fi kowa ɗaga murya idan an taɓa kota, domin ita ce mayafin da ke rufe musu asiri. Muddin ana ba jiha kasonta na gurabe, ko ta gyara firamarenta ko ta bar ta ta ruɓe, to me zai tayar wa mai mulki hankali, tun da nasa 'ya'yan suna makarantun kuɗi ko suna ƙasashen waje?

Kura da Shan Bugu

Domin a ga inda gizo ke saƙa, mu ƙaddara yara uku ne suka nemi gurbin karatun likita a shekara guda.

Na farko ɗan wani babban ma'aikacin gwamnati ne. A Abuja aka haife shi, a makarantar kuɗi ya yi karatu tun daga rainon yara, ɗakin gwaje-gwajensu ya fi na wasu jami'o'in kayan aiki. Garin kakansa sai da Sallah yake zuwa, in ma ya je. Amma da lokacin cike takardu ya yi, waya ɗaya mahaifinsa ya buga aka kawo masa takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma har gida. Da wannan takarda ya zama ɗan jihar da ke baya a ilmi.

Na biyu ɗan manomi ne a waccan ƙaramar hukumar. Tun da ya shiga babbar sakandare bai taɓa ganin malamin kimiyyar lissafi ko na haɗa sinadarai ba. Da damina rabin ranarsa a gona take ƙarewa. Bai samu darussa biyar ɗin da ake bukata a jarrabawar gama sakandare ba, saboda haka ko bakin ƙofar jami'a bai kai ba, balle a yi maganar rage masa maki.

Ta uku 'yar mai facin taya ce a Anaca ko Aba. Makarantar gwamnati ta yi, mai yoyon rufi kamar ta na biyu. Da rana tana taya uwarta talla, da dare tana karatu da fitilar ƙwai. Ta ci makin da ya fi na yaron farko, amma jiharta ba ta cikin jeri, masu neman gurbi daga can kuma sun yi yawa, sai aka ce ta dawo baɗi.

To, jama'a, a cikin ukun nan wane ne ke baya? Tsarin ya karɓi gurbi da sunan na biyu, ya miƙa wa na farko, ya bar ta ukun da biyan bashin da ba ita ta ci ba. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Yarinyar nan za ta girma tana ƙullace da Arewa baki ɗaya, alhali ɗan manomin da take zargi bai ma san an yi rabo da sunansa ba. Ta haka ake shuka gaba tsakanin talakawa biyu waɗanda ciwonsu iri ɗaya ne. Ba mu ce babu ɗan talakan da ya taɓa amfana da kota ba, akwai su, wasunsu ma suna cikinmu. Abin da muke cewa shi ne, ma'aunin da bai iya bambanta ɗan babban sakatare da ɗan manomi ba, bai cancanci a kira shi ma'aunin adalci ba.

'Ya'yan Sabo da Sabon Gari

Akwai wani rukuni da mu mazauna wannan sashe muka fi kowa sanin halin da suke ciki. Unguwar Sabo ta Ibadan ta kafu tun 1916. Haka nan akwai tsofaffin zangon Hausawa a Agege da Shagamu da wasu garuruwan Kudu da dama. A waɗannan unguwanni akwai yaran da su da iyayensu, wasu har da kakanninsu, a nan aka yanke musu cibiya. Suna jin Yarbanci kamar Hausa, a nan iyayensu ke biyan haraji, a nan suke jefa ƙuri'a. Amma ranar neman gurbi ko tallafin karatu, sai a ce musu su baƙi ne, su koma jiharsu. Idan suka niƙi gari suka tafi Arewa, sai a tambaye su sunan mai unguwarsu da gidan kakansu, wasu kuwa iyakar abin da suka sani shi ne an ce kakan ya zo fataucin goro ko na shanu daga wajen Kano ko Katsina. Wanda ke da dangi ko ɗan abin hannu yakan samo takardar, wanda ba shi da kowa kuma ya zama jemage, ba ya cikin tsuntsaye, ba ya cikin dabbobi. A jami'o'in jihohi da yawa ma kuɗin makarantar wanda ba ɗan jiha ba ya fi na ɗan jiha.

Adalci ya tilasta mana mu faɗi ɗaya gefen. Abin da ake yi wa ɗan Bahaushe a Sabo, shi ake yi wa ɗan Ibo da ɗan Bayarabe da aka haifa a Sabon Garin Kano ko na Zariya, wanda Hausa ta fi kama bakinsa fiye da harshen kakanninsa. Idan muna kuka da namu, dole mu yi kuka da nasu. Tsarin da ke tambayar yaro inda aka binne kakansa, maimakon ya tambaye shi irin ajin da ya zauna a ciki, ya saɓa wa hankali a ko'ina aka yi shi.

Ƙota Sai da Ruwa

Kada wani ɗalibi ya karanta abin da ya gabata ya ɗauka mun ba shi lasisin lalaci. Manomi ya san ƙota komai kyanta ba ta noma sai an sa mata ruwa. Haka kota take: iyakarta ta buɗe maka ƙofa. Da zarar ka shiga, babu kota a ɗakin jarrabawa, babu ita a ɗakin tiyata, gadar da ka gina kuma ba za ta tambayi jiharka ba kafin ta rufta.

Magabatanmu sun taka wannan hanya tun ba a san da JAMB ba. Malam Sa'adu Zungur ya shiga Babbar Kwalejin Yaba a 1934, shi ne ɗan Arewa na farko da ya yi haka. Iya Abubakar ya fita da daraja ta ɗaya a fannin lissafi daga Ibadan, ya wuce Kambirij ya yi digirin digirgir. Jibril Aminu ya gama karatun likita a Ibadan a 1965. Waɗannan mutane sun zo baƙunta kamar yadda muka zo, sun zauna aji ɗaya da 'ya'yan da kakanninsu suka yi boko, kuma ba su sunkuyar da kai ba. Amsar gori ba ta wuce irin wannan, domin tusa ba ta hura wuta, cacar baki a ɗakin kwana kuma ba ta ƙara maki.

Muna kuma Allah wadai da duk wata hanyar da ke zubar da darajar gumi: cibiyoyin da ake biya a rubuta wa ɗalibi amsa, da sayen maki, da takardar alfarma daga wani babba. Waɗannan ba su da jiha, ba su da ƙabila, kuma su ne manyan maƙiyan cancanta, amma ba mu cika jin masu gori suna ambatonsu ba. Haka nan ba za mu yi wa ɗalibi wa'azin himma mu kyale masu ɓarnatar da himmarsa ba. Yajin aikin malaman jami'a ya cinye wata tara a 2020, ya sake cinye wata takwas a 2022. A wannan lokaci ɗan mai hali ya koma jami'ar kuɗi ko ya ƙetare, ɗan talaka kuwa ya zauna gida shekarunsa na tafiya. A 2023 jami'o'in Tarayya da dama suka ninka kuɗin rajista, ɗalibai masu ƙwazo suka shiga neman taimako a masallatai da gidajen rediyo. Asusun ba ɗalibai rance da ya fara aiki a 2024 ya share wa wasu hawaye, sai dai rance ne, kuma sai wanda ya riga ya samu gurbi yake isa gare shi.

Abin da Muke Nema

Ba mu zo da kuka kawai ba. Ga abubuwa biyar da muke ganin su ne mafita.

Na ɗaya, a sauya ma'aunin kashi 20 ɗin nan daga jihar asali zuwa makarantar da yaro ya yi da kuma wurin da take. Wanda ya fito daga makarantar gwamnati ta karkara, ko a Zamfara take ko a Ebonyi ko a Anambra, shi ya fi cancantar sassauci. Wanda ya yi makarantar kuɗi mai tsada ya shiga layin kashi 45 ya gwada ƙwanjinsa. Wannan ba abu ne mai wuya ba a yau, domin tun 2017 JAMB ke tantance ɗaukar ɗalibai ta na'ura a wuri guda, tun 2021 kuma ba a rajista sai da lambar katin ɗan ƙasa, sakamakon gama sakandare kuwa yana ɗauke da sunan makaranta.

Na biyu, a lissafa yaro a matsayin ɗan yankin da aka haife shi ko ya yi karatunsa na firamare da sakandare, domin 'ya'yan Sabo da na Sabon Gari su samu wurin tsayawa.

Na uku, a ɗaga ɗalibi ya kai ga maki, maimakon a sauko da maki ya same shi. Makarantun share fagen shiga jami'a, irin wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta gudanar tun shekarun 1970, sun fitar da mutanen da ƙasa ke alfahari da su. A ƙarfafa irinsu, a ɗauke wa ɗan talaka nauyin kuɗinsu, ya yi shekara guda ko biyu yana cike giɓin da makarantarsa ta bar masa, sannan ya shiga aji da ƙafarsa.

Na huɗu, kowace shekara a buga wa jama'a adadin waɗanda suka shiga ta kowace ƙofa da irin makarantun da suka fito, a kuma riƙa bitar jerin jihohin da ke baya bayan 'yan shekaru. Jihar da ta ƙi biyan kasonta na kuɗin ilmin bai-ɗaya, a faɗi sunanta da na gwamnanta, talakawansa su san wanda ya tare musu hanya.

Na biyar, wanda shi ne uwa uba, a koma ga malamin firamare. A zaɓe shi da gwaji na gaskiya, a horar da shi, a biya shi a kan kari, a tsare masa makarantarsa daga 'yan bindiga. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Daidaiton da ba a shuka shi a aji ɗaya na firamare ba, ba za a girbe shi a ƙofar jami'a ba.

Kammalawa

Ga abokan karatunmu na Kudu muna cewa, kukanku a kan yarinyar da ta ci maki aka hana ta gurbi kuka ne na gaskiya, kuma muna taya ku. Amma ku san wanda ya karɓe mata wuri, ku daina jifan ɗan manomin da ko tashar motar garinsu bai taɓa wucewa ba. Ga shugabanninmu na gida muna cewa, mun gaji da a riƙa bara da sunanmu ana kai sadakar gidajen masu hali. Ga 'yan'uwanmu ɗalibai kuma, maza da mata, muna tuna mana cewa zomo ba ya kamuwa daga zaune, kuma kowane ɗayanmu da ya samu kujera a aji, akwai yara masu yawa a garinsu da ba su samu ba, waɗanda haƙƙinsu ke wuyansa.

Burinmu shi ne mu ga ranar da Kano ko Sakkwato ko Borno za ta rubuta wa Gwamnatin Tarayya da kanta ta ce a cire sunanta daga jerin na baya, domin 'ya'yanta sun iya tsayawa da ƙafafunsu. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Kafin wannan rana ta zo, a ba mai haƙƙi haƙƙinsa, a kai sandar hannun gurgun da aka sassaƙa ta dominsa.

Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya sa gumin ɗan talaka kada ya zuba a banza, amin.